Yadda Ake Tanadin Harawa Don 'Yan Raguna

Da farko a yanki harawar wake ko ta gyaɗa tun ganyen yana kore shar. Ganyen nan shi ne abincin. In ya kakkaɓe, kara kawai ka tara.

Sai a shanya a inuwa kwana 3 zuwa 4, ana juyawa. Murɗa kara ɗaya a hannunka, in ba ka ji danshi ba, ta yi. A ɗaure dami-dami, a ɗora kan rumfa, nesa da gara.

Da bazara, kafin damina ta kankama a Kaduna, a riƙa ba su safe da yamma, da dusa da 'yar kanwa. In an samu 'ya'yan gawo, a daka a zuba.

Don Allah, wadda ta yi fumfuna a zubar, tana lalata cikin ƙanana.