Yadda Ake Gano Ƙwayoyin Tushe Da Mazaunansu A Glandin Fituwitari

Glandin fituwitari yana zaune ne a cikin wani ɗan gurbi na ƙashin kai, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma nauyinsa a jikin baligin mutum bai fi kimanin rabin giram ba. Ɓangarensa na gaba yana ɗauke da ƙwayoyin halitta iri 5 masu samar da homon na girma, na ruwan nono, na haihuwa, da waɗanda ke sarrafa glandin maƙogwaro da wanda ke saman ƙoda. A tsakaninsu akwai wasu 'yan tsiraru da ba sa samar da homon ko kaɗan, amma suna iya sabunta kansu, su kuma rikiɗe su zama kowane ɗaya daga cikin waɗancan. Su ne ƙwayoyin tushe. Bayanin da ke tafe ya shafi ɓera ne, domin a kansa aka yi mafi yawan aikin, kuma a jikinsa ne mazaunan, wato wuraren da waɗannan ƙwayoyi suke zama a cikin glandin, suka fi fitowa fili.

Kafin a taɓa wuƙa, wajibi ne a san inda za a duba. A lokacin da tayi yake cikin mahaifa, rufin bakinsa yana lotsawa sama ya zama wata 'yar jaka, wadda ake kira jakar Rathke, da sunan masanin nan na Jamus, Martin Heinrich Rathke, wanda ya bayyana ta a shekarar 1838. Daga wannan jaka ɓangaren gaba da na tsakiya suke fitowa, sai ramin cikinta ya tsuke ya zama siririyar tsaga da ke raba su. Ƙwayoyin da suka yi wa tsagar shinge ta kowane gefe su ne mazauni na farko. Na biyu kuwa ƙananan dunƙule ne da ke warwatse a cikin naman ɓangaren gaba, a tsakanin masu samar da homon, kuma shi ne wanda sabon shiga ya fi tsallakewa, saboda idonsa yana maƙale da bakin tsaga.

Bayan an kashe ɓeran bisa ƙa'idar da hukumar kula da dabbobin gwaji ta amince da ita, sai a buɗe ƙoƙon kai, a ɗaga ƙwaƙwalwa daga gaba zuwa baya a hankali. Za a ga glandin kwance a gindin kai, fari-fari, tsakanin manyan jijiyoyi biyu, da wata siririyar tantani a kansa. A ganina kuskure ne a yi gaggawar ciro shi yana ɗanye, domin yana da taushi ƙwarai, kuma da zarar hantsaki ya matse shi tsagar takan yage, shingen da ake nema ya ɗaye. Ya fi kyau a tsoma gindin kan gaba ɗaya a ruwan farafomaldehaid mai ƙarfin kashi 4 cikin 100 na ɗan lokaci har naman ya yi tauri, sannan a yanke tantanin a ɗauko glandin, a mayar da shi cikin ruwan ya kwana a sanyin digiri 4. Daga nan sai a tsane shi da barasar gwaji, a dasa shi a cikin kakin farafin, a yanka shi siriri-siriri, kaurin maikromita 4 zuwa 5, a ɗora yankan a kan gilasai. A daidaita shi ta yadda yanka guda zai nuna ɓangarorin uku, na gaba da na tsakiya da na baya, tare da tsagar. Yankan da babu tsaga a cikinsa rabin labari kawai yake bayarwa.

Zaɓen alama, wato furotin da za a rina domin a gane ƙwayoyin tushe da shi, shi ne inda ake buƙatar natsuwa. Babbar alamar ita ce furotin SOX2, wanda tawagar Robin Lovell-Badge da ke Landan ta nuna a shekarar 2008 cewa yana cikin kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na ƙwayoyin ɓangaren gaba a baligin ɓera. Sai dai SOX2 shi kaɗai ba ya wadatarwa. A haɗa shi da SOX9, wanda akasarin waɗannan ƙwayoyi suke ɗauke da shi idan dabbar ta girma, da kuma E-kadherin, furotin da ke manne ƙwaya da maƙwabciyarta, wanda shi ne yake zana iyakar dunƙule har a iya ƙirga mazauna cikinsa. Akwai kuma S100-beta, alamar wasu ƙwayoyi masu rassa kamar tauraro, waɗanda da yawa daga cikinsu suna da SOX2, amma ba duka ba, don haka ba a ɗaukar alamun biyu a matsayin abu guda. PROP1 yana da amfani a tayi da jariri, sai dai yana raguwa sosai bayan haihuwa, kuma rashin ganinsa a tsohon ɓera ba abin mamaki ba ne. Wasu suna ƙara GFRa2 ko nestin. Nestin dai a yi hattara da shi, domin ƙwayoyin da ke jikin hanyoyin jini ma suna da shi, glandin kuwa cike yake da hanyoyin jini.

Rinin kansa ba shi da wuya. A narkar da kakin, a mayar da ruwa cikin naman, a dafa gilasan a ruwan sitireti mai pH 6 domin a buɗe wuraren da maganin taurarawa, wato farafomaldehaid, ya rufe. A shafa ruwan jini na toshewa na kimanin awa ɗaya, a zuba antibodi na farko, wato furotin da ke kama alamar da ake nema, ya kwana a sanyi, a wanke, a bi shi da na biyu mai ƙyalli wanda ke kama na farkon, sannan a rina cibiyoyin ƙwayoyi da rinin DAPI. A tabbata antibodin farko da za a haɗa sun fito daga dabbobi mabambanta, kuma a ware gilashi guda da ba a sa masa na farko ba, domin a san hasken da ba na gaskiya ba.

A ƙarƙashin maikroskof, a fara da ƙaramin girma a nemo tsagar. Idan aikin ya yi kyau za a ga jerin cibiyoyi masu haske, a jere kamar an shirya su, suna bin bakinta, E-kadherin kuma ya kewaye kowace ɗaya da siririn zare. SOX2 na cikin cibiya ne ake ƙirgawa, wato wanda ya hau kan DAPI daidai. Jajayen ƙwayoyin jini suna ƙyalli da kansu a kusan kowane launi, amma ba su da cibiya, kuma da haka ake gane su. Ɓangaren baya ma yana da ƙwayoyi masu SOX2, sai dai asalinsu daga ƙwaƙwalwa ne, ba daga jakar Rathke ba, saboda haka ba sa shiga lissafi. A wani yanka na kusa a haɗa SOX2 da antibodin homon, domin ƙwayar tushe ta gaskiya ba ta ɗauke da homon. Idan aka ƙara Ki67, alamar rabuwa, za a tarar jaririn ɓera yana da masu rabuwa da yawa, baligi kuwa sai an sha nema, domin a waɗannan shekaru yawancinsu a kwance suke.

Duk wannan yana nuna inda ƙwayoyin suke ne da kamanninsu, bai tabbatar da abin da suke iya yi ba. Don haka akan warwatsa glandin da sinadarai masu narkar da nama, a shuka ƙwayoyin a faranti, a ga waɗanda za su hayayyafa su zama dunƙule, hanyar da ɗakin binciken Hugo Vankelecom da ke Leuven a Beljiyam ya daɗe yana amfani da ita. Hujja mafi ƙarfi ita ce bin zuriya: a yi amfani da ɓeran da aka gyara ƙwayoyin gadonsa ta yadda allurar tamoksifen za ta sa wa masu SOX2 ko SOX9 launi na dindindin, a jira makonni ko watanni, a duba ko launin ya bayyana a masu samar da homon. Da wannan dabara tawagogi biyu a Landan suka tabbatar da lamarin a shekarar 2013, ɗaya daga cikinsu kuma ta nuna cewa cire glandin saman ƙoda yana farkar da ƙwayoyin su samar da sababbin masu homon ACTH, wanda ke sarrafa wannan gland.

Mai aiki da naman ɗan Adam kada ya sa ran ganin tsaga buɗaɗɗiya irin ta ɓera. A jikin mutum ɓangaren tsakiya ya shafe kusan gaba ɗaya, tsagar kuma ta koma ƙananan jakunkuna masu ruwa a iyakar ɓangaren gaba da na baya, kuma a bangon waɗannan jakunkuna ne ya kamata a fara neman SOX2.