Yadda ake shirya tsarin ɗaukar nauyin awaki a ƙaramar gonar madara

Duk mai ƙaramar gonar awakin tatsa ya san cewa nono yana zuwa yana ɗaukewa, amma bakin akuya ba ya hutu ko na kwana ɗaya. Shi ya sa gonaki da dama suke ba masu son dabbobi dama su ɗauki nauyin akuya guda. Mutum ya riƙa biyan wani abu duk wata ko duk shekara domin abincinta da maganinta, ita kuwa tana nan cikin garkenta a hannun mai ita. Tsari ne mai amfani ƙwarai. Sai dai na sha ganin yadda yake rushewa a hannun sababbin shiga, kuma kusan kullum a wuri guda suke faɗuwa: suna yanka kuɗin da za a biya tun kafin su zauna su yi lissafi. Ba zan tsaya kan yadda ake tatsa ko kafa rumfa ba. Wanda bai iya waɗannan ba, lokacin karɓar kuɗin mutane bai yi masa ba tukuna.

Mataki na farko: faɗi abin da mutum zai samu

Tun a layin farko na sanarwarka ka bayyana cewa mai ɗaukar nauyi bai sayi akuyar ba. Ba shi da haƙƙi a kan 'ya'yanta, ba shi da rabo a nononta, kuma ba shi ne zai yanke shawarar ranar da za a kai ta barbara ba. Abin da yake samu shi ne labarinta, hotunanta, da damar zuwa ya gan ta idan ka yarda da ziyara.

A wasu jihohin Amurka akwai wani tsari dabam, inda mutum yake sayen kaso a garke domin ya riƙa karɓar ɗanyen nono. Wannan yana da dokokinsa, kada ka haɗa shi da naka. Haka kuma idan gonarka ba ƙungiyar agaji ba ce mai rajista, kada ka yi wa kowa alkawarin rangwamen haraji a kan abin da ya biya.

Mataki na biyu: lissafin abin da akuya take ci a shekara

A nan zan daɗe, don a nan ake karyewa.

Sabon shiga yakan dubi akuyarsa a lokacin da hantsarta take cike, ya ƙiyasta abin da ta ci a wannan watan, ya ninka sau 12, ya ce ya gama. Lissafi kuwa ko rabi bai kai ba. Akuya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 150. Ta kirki a cikin awakin madara takan ba da nono na wajen wata 10, sannan dole a daina tatsarta kusan kwana 60 kafin ta sake haihuwa, domin hantsa ta huta, jiki ya murmure. A waɗannan wata biyun ko ɗigo ba ya shiga bokiti, alhali a makonnin ƙarshe na ciki ne 'ya'yan suke girma da sauri, ita ma take neman abinci mai ƙarfi. Idan aka matse mata baki a wannan lokacin, musamman mai ɗauke da tagwaye ko 'yan uku, tana iya kwantawa ta kasa tashi, kuma ba kowace ake cetowa ba.

To fara da ciyawa. Akuya tana cin busasshen abinci da ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyin jikinta a kullum, mai tatsa sosai har ta zarce haka. Ɗauki babbar akuya irin su Saanen ko Alpine mai kilo 60: kilo 2 ke nan a rana ko fiye, wato sama da kilo 700 a shekara. Wannan abin da ya shiga cikinta ne kawai. Akuya tana da tsirfa a wajen ci. Abin da ta ja ya faɗi ƙasa ta taka, ba za ta sake kai baki gare shi ba. Saboda haka ka lissafa abin da ka saya, kada ka lissafa abin da ta haɗiye. Ni dai ban yarda da zuba ciyawa a ƙasa ba ko kaɗan. Ka kafa maratayi mai ƙananan tagogi da faranti a ƙarƙashinsa, kuɗin katakon zai dawo maka daga ciyawar da ba ta zube ba.

Sai ƙarin abinci na hatsi da dusa, wanda makiyaya da yawa suke aunawa kusan kilo 1 ga kowace lita 3 ta nonon da take bayarwa. Sai gishirin lasa na awaki, ba na tumaki ba, domin akuya ta fi tunkiya buƙatar sinadarin jan ƙarfe (copper), na tumaki kuwa ana rage masa shi ne da gangan. Sai shimfiɗar ɗaki, ruwa, da wutar da take sanyaya madara.

Ɓangaren lafiya shi ne wanda ake yawan rubutawa da “idan ta kama”. A'a, rubuta shi a matsayin abin da babu makawa. Yankan kofato duk bayan mako 6 zuwa 8. Allurar rigakafin sarƙe-haƙora da ta cutar hanji mai kashe dabba farat ɗaya, da ta PPR, annobar da take kama awaki da tumaki, a ƙasashen da take yawo. Gwajin kashi domin tsutsar ciki. Kada ka ɗura wa garke duka magani ido rufe, domin haka ne tsutsa take sabawa da magani har ya daina kama ta. Akwai katin FAMACHA da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, wanda ake gwada launin cikin fatar idon dabba da shi: wadda idonta ya yi fari-fari jininta ya ragu, ita ce za a ba magani. Katin ba shi da tsada, ka nemi likitan dabbobi ya koya maka amfani da shi. Idan garkenka na awakin madara ne na gaske, saka kuɗin gwajin jini na cutar CAE, mai kumbura gwiwa, wadda uwa take ba ɗanta ta nono. Ka kuma tuna duk ranar da ka yi wa akuya allurar kashe ƙwayoyin cuta saboda ciwon hantsa, nononta na kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar zubarwa za a yi. Asara biyu ke nan, ga kuɗin magani ga madarar da ba a sayar ba.

Yanzu ga abin da ya fi cin mutane. Garke ba masu tatsa kaɗai ba ne. Akwai bunsuru, wanda yake ci shekara guda cur domin aikin 'yan makonni. Akwai 'yan matan da ba su kai haihuwa ba. Akwai wadda aka kai barbara ba ta ɗauka ba. Akwai tsofaffin da suka gama aikinsu, kuma akuya tana iya kaiwa shekara 12 ko fiye idan tana samun kula. Idan ka tashi tallata awaki, kowa zai ruga wajen ƙaramar nan mai dabbare-dabbare, ba wanda zai ce a ba shi bunsuru mai wari. Shi kuwa sai ya ci.

Saboda haka ga yadda ake yi. Tara kuɗin garke duka na shekara, ka raba da yawan kawunan da ke ciki. Misali kana da masu tatsa 12, 'yan mata 4, tsofaffi 3 da bunsuru 1. Kawuna 20 ke nan, da 20 za ka raba, kowace akuya ta ɗauki kaso ɗaya ko da ita ce mafi ƙarancin ci. A kan wannan kason ka ɗora wani abu domin larurar dare, irin haihuwar da ta zo da gardama har sai an kira likita. Ni nakan ce kada ya gaza kashi 15 cikin 100. Sannan ka ƙara abin da kamfanin karɓar kuɗi ta intanet zai yanka a kowane biya, da kuɗin buga kati da aika shi ga mai ɗaukar nauyi. Waɗannan ƙananan su ne suke kama da rariya, kana zubawa ta sama suna tsiyayewa ta ƙasa.

Idan adadin da ya fito ya yi maka nauyi a baki, kada ka rage shi don jin kunya. Raba shi. Mutum huɗu suna iya haɗuwa a kan akuya ɗaya, kowa ya ɗauki rubu'i, muddin kowannensu ya san ba shi kaɗai ba ne. Abin da bai halatta ba shi ne ka karɓi cikakken kuɗin akuya ɗaya daga mutum biyar, kowa yana zaton shi ne yake riƙe da ita. Ranar da biyu suka haɗu a bakin shinge, amana ta tafi.

Kuma ka yi lissafin da farashin ciyawa na lokacin da ta fi tsada, ba na lokacin girbi ba.

Mataki na uku: wace akuya za ka saka

Kowace ta sami suna da lambar kunne, a rubuta su tare a littafi ɗaya. Hoto a tsaye, da rana, fuska a fili. Layi uku game da halinta sun isa: wadda take buɗe ƙofa da baki, wadda ba ta hawa dandamalin tatsa sai ƙawarta ta riga ta. Abin da yake sa mutum ya ji ya san dabbar ke nan.

Kada ka saka wadda ka san za ka sayar bana. Kada ka saka jariri ɗan kwanaki, duk da cewa su ne suka fi jan ido. Bari ya sha dakashi, ya wuce makonnin gudawa da ciwon huhu, a yaye shi, sannan a yi maganarsa. Tsofaffin kuwa ka saka su a sahun gaba, ka faɗi shekarun da suka yi suna ba da nono. Za ka yi mamakin yawan masu zaɓensu.

Mataki na huɗu: takardar yarjejeniya

Shafi ɗaya, da harshen da kowa zai gane. Tsawon lokaci, yawan kuɗi, yadda mutum zai fita idan ya ga dama. Ka rubuta a fili cewa kuɗin yana shiga kula da garke baki ɗaya, sunan akuyar dai shi ne igiyar da ta haɗa ku.

Abu biyu ne masu gona suke tsallakewa saboda ba su da daɗin faɗa. Na farko mutuwa. Akuya tana iya kwana lafiya ta wayi gari da kumburin ciki. Rubuta tun yanzu cewa idan haka ta faru za ka sanar cikin kwana biyu ko uku, kuma mutum yana da zaɓi: a mayar da shi kan wata, ko a ba shi ragowar kuɗinsa. Kada ka taɓa ci gaba da aika tsofaffin hotunan wadda ta mutu don kada ran mutum ya ɓaci. Wannan yaudara ce.

Na biyu 'ya'ya maza. Babu madara sai da haihuwa, kuma kusan rabin abin da ake haifa maza ne. Ƙaramar gona ba ta iya riƙe su duka. Wasu za a dandaƙe su su zama taure, wasu a sayar wa masu kiwo, wasu kuma nama za su zama. Mai ɗaukar nauyin da bai taɓa kiwo ba bai san wannan ba, kuma zai tambaye ka ina ɗan da ya gani a hoto. Gara ya karanta amsar kafin ya biya. Wanda bai iya ɗauka ba ya wuce, kun rabu lafiya.

Mataki na biyar: kuɗin da labarin

Buɗe asusu dabam. Wanda ya biya na shekara guda a dunƙule, raba kuɗinsa gida 12, ka riƙa cirar gida ɗaya a wata. Kada ka kwashe shi ka gyara rufin ɗaki a watan farko, sannan a wata na takwas ka rasa na ciyawa. Ajiye rasiɗai, kuma sau ɗaya a shekara ka aika wa kowa taƙaitaccen bayanin inda kuɗin ya tafi.

Wajen labari, yi alkawarin abin da za ka iya a lokacin haihuwa, lokacin da ba ka samun barci. Sau ɗaya a wata ya wadatar. Na ga masu alkawarin bidiyo duk mako, kafin wata uku sun yi shiru, mutane suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Hoto ɗaya, layi biyar: ta haihu, an yanke mata kofato, ta yi ɗingishi ta warke. Faɗi mara daɗin tare da mai daɗin. Ware yini ɗaya a wata ka ɗauki hotunan duka a zagaye ɗaya.

Ziyara da sabuntawa

Ziyara sai da alƙawari, a ranakun da ka tsayar. Baƙo ya tsoma takalminsa a ruwan magani a bakin ƙofa, musamman mai dabbobi a gida. Kada ya zo da abin ba akuya, kai za ka ba shi abin da zai miƙa mata. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita. Mai juna biyu kada ta shiga garke a lokacin haihuwar awaki, saboda cututtukan da suke fita tare da mahaifa, irin su zazzaɓin Q, suna iya taɓa cikinta. Idan za ka ba baƙi madara, ka dafa ta tukuna: digiri 63 a ma'aunin Celsius na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Bincika ko inshorar gonarka ta haɗa da baƙi.

Wata ɗaya kafin wa'adin mutum ya cika, tuna masa. Kada ka ci gaba da cirar kuɗi daga katin bankinsa sai da yardarsa a rubuce. Kafin ka aika tunin, sake lissafin mataki na biyu da farashin bana, kuma idan akwai ƙari, nuna masa a kan ciyawa ne ko a kan magani.