Encourage da urge ba ɗaya ba ne

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannenmu na Gusau da Ƙauran Namoda masu shirin WAEC. A wasiƙun gwaji da kuke turo min ina yawan ganin an cakuɗa kalmomin nan biyu, abin yana damuna.

Encourage ƙarfafa gwiwa ne. Ta Faransanci ta shigo Turanci, asalinta kuma kalmar Latin ce mai nufin zuciya, wato ka sa wa mutum zuciya. Yadda uwa ke cewa ɗanta, "Daure, za ka iya," to wannan ne. Akwai lallashi a ciki.

Urge kuwa matsawa ce, da gaggawa. In kana rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma a gyara rijiyar burtsatse kafin bazara, ita za ka ɗauka: "I urge you to repair it."

Ku lura da ginin jimla: mutum, sai kalmar "to", sai aikatau tsurarsa. "She encouraged me to read," ba "to reading" ba. Kishiyar encourage, wato discourage, kuma from take bi: "discouraged me from going."

Allah ya ba da sa'a.