Idan Ƙwaya Ta Kayar da Matashi: Abin Yi Kafin a Isa Asibiti

Tiramadol da sirop mai kodin, idan suka yi yawa a jiki, numfashi suke ragewa har ya tsaya. Tiramadol kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Likita ba ya ba babba fiye da miligiram 400 a rana, alhali na bayan fage ƙwaya ɗaya takan kai 225, ga shi yara na haɗawa da rochi, wata ƙwayar sa barci. Tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sirop mai kodin, amma har yau bai bar unguwanninmu ba.

Da kun tarar da yaro a yashe, ku kira sunansa da ƙarfi, ku girgiza kafaɗarsa, ku murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. Idan bai motsa ba, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ƙasa da 12 akwai hatsari. Ku buɗe idonsa: baƙin tsakiya yakan tsuke ƙwarai. Leɓe ya yi toka-toka, ko ana jin munshari mai gurnani, to wannan ba barci ba ne, kada a ce a bar shi ya farka da kansa.

Yana numfashi? Ku kwantar da shi ta gefe, ku lanƙwasa gwiwar da ke sama, ku ɗan ɗaga haɓarsa, bakin na kallon ƙasa domin amai ya fita. Numfashi ya tsaya? A mayar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da hannu biyu sau 30, a toshe hanci a hura masa iska a baki sau 2, a yi ta maimaitawa.

Nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kada a ɗura masa madara, manja ko ruwan gishiri. Wanda ya suma ba ya iya haɗiya, abin sai ya gangara huhu. Idan jijjiga ta zo, a janye abin da zai buge shi, a sa tsumma ƙarƙashin kansa. Ba a danne shi, ba a tura masa cokali a baki.

A nemi mota ko kurkura, ban da babur, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin gwamnati da ke Daura, ko duk wanda ya fi kusa. Ku tafi da kwalin ƙwayar ko kwalbar, ku gaya wa likita gaskiya: me ya sha, nawa, ƙarfe nawa. Jin kunyar faɗa yana cin lokacin da babu shi. Akwai allurar naloxone mai dawo da numfashi, amma ƙarfinta kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, tun ƙwayar ba ta bar jiki ba. Saboda haka ko ya farfaɗo, ku zauna sai likita ya sallame ku.

Bayan sallama, mari da duka ba magani ba ne; mutanen Daura sun ga halin da aka tarar da yara a gidan marin da 'yan sanda suka rufe a 2019. A haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa ya rage masa sannu a hankali. A fi sa masa ido makonnin farko bayan ya daina, domin jiki ya rabu da sabo, adadin da yake sha a da yanzu zai iya kashe shi.