Darasi na 9: Rubutun da ke gindin kwanson harsashi

To jama'a, yau darasinmu na mafarauta ne da maƙera da masu sayen tsohon ƙarfe a kasuwar Maradi, amma kowa ya buɗe kunne. Kwanson harsashin da aka riga aka harba, in ka juya gindinsa ka goge da bakin riga za ka ga ƙananan lambobi zagaye da ɗan tabon nan na tsakiya, wurin da allurar bindiga ke bugawa in an harba. Na farauta yawanci sunansa ne a wurin, kamar 308 WIN, wato .308 Winchester, na soja kuwa sau da yawa lambar masana'anta ce kawai da shekara. In ka ji an ce 7.62x39, lambar farko kaurin harsashin ne da milimita, ta biyun tsawon kwanson.

Abin da nake so ya zauna muku a kai shi ne rubutun nan yana iya yin ƙarya. Kwanso sau da yawa tagulla ne, kusan kashi 70 jan ƙarfe 30 zinki, yana da laushi yana karɓar matsa, shi ya sa a Amurka masu cika harsashinsu da kansu sukan ɗauki kwanson wata bindiga su matse wuyansa ya koma na wata, kuma su kansu kamfanonin haka suka yi, .270 Winchester na 1925 daga kwanson .30-03 na 1903 aka fitar da shi, .243 na 1955 kuma ɗan .308 ne da aka tsuke wa wuya daga milimita 7.62 zuwa wajen 6. To in mutum ne ya matse da kansa, an sauya wuya amma gindi yana nan da tsohon sunansa, ka karanta 308 alhali abin da ke hannunka ya zama wani abu daban. Ga shi tagulla in ta sha matsa taurarewa take, sai wuyan ya tsage, tsaga siririya kamar gashi wadda sai ka kai ta rana za ka gani. Irin wannan in ya fashe cikin bindiga fuskar mai harbi yake nema, wallahi ina tsoron abin nan ƙwarai. Balle a nan Nijar riƙe bindiga ma sai da izinin hukuma.

Maƙera ku ma da ku nake. Wani maƙwabcina ya taɓa juye buhun tagulla cikin wuta bai tsince ba, ashe da guda mai rai a ciki, har yau kunnensa na hagu bai ji sosai. Duba tabon tsakiya, in babu lotsawa a jikinsa ba a harba shi ba, kar ya kusanci wuta ko guduma, kar yara su yi wasa da shi, a sanar da jandarma ko mai unguwa.

Yanzu ku ɗauko allo ku rubuta 7.62x39, a ƙasansa 7.62x51. Wanne ya fi tsawon kwanso, kuma da milimita nawa? Baba da ke baya can, kai za ka fara karanta mana.