Sabon besin yana yoyo? Nemi inda ruwan ya faro kafin ka ɗauki sifana

Kwana uku da ɗaura mana besin ɗin wanke hannu a banɗakin gidanmu na Tudun Wada, nan Gusau, uwargida ta ce, "Maigida, ƙasan nan fa ba ya bushewa." Na kira mai gyaran famfon, ya ce yana wani aiki a Ƙaura Namoda, sai wani mako. Sai na ɗauko tocila da tsumma da tishu da bokiti, na durƙusa da kaina.

Fara da goge komai ya bushe ƙayau, tun daga cikin besin ta ƙasa har tayil. Kada kowa ya buɗe famfo na tsawon awa ɗaya. In ka dawo ka tarar da danshi, galibi laifin na tiyon da ke kawo ruwa ne ko makullinsa na jikin bango. In a bushe yake, to toshe ramin besin, ka cika shi, ka bar shi minti 10. Ruwan ya ragu, ƙasa kuma ta jiƙe? Bakin ƙarfen magudanar, wanda ake gani a cikin besin, shi ne bai zauna daram a kan tangaran ba. In ƙasa ba ta jiƙe ba, cire toshiyar ruwan ya tafi gaba ɗaya, kana dafa busasshen tishu a kowace mahaɗa, daga sama zuwa ƙasa.

Ruwa yana bin jikin bututu ya gangaro, don haka inda ka ga yana ɗiga ba lallai nan ya fito ba. Ni na yi rabin awa ina tuhumar kwalbar nan ta ƙasa, wadda masu aikin ke kira botul tirap, ashe daga can sama yake silalowa, ƙarƙashin babban notin da ke riƙe magudanar a jikin besin. Wurin da ya fi kowane sama a cikin waɗanda suka jiƙa tishu, shi ne mai laifi.

Wannan notin ya fi ba da matsala a sabon aiki. Besin mai ƙaramin rami a gefe, wanda ke kwashe ruwa in ya cika, yana da hanya a cikin jikinsa da ke sauko da ruwa daidai wurin tiredin magudanar, wato zanen da noti ke bi in ana ɗaure shi. Ruwan sai ya bi tiredin ya wuce zoben roba da ke tsakanin notin da besin. Ajiye bokiti, ka kwance kwalbar, ka kwance notin, ka zare magudanar ka goge ta tas. Shafa silikon kaɗan a ƙarƙashin bakin ƙarfen na sama, ka mayar da shi. Naɗa farin tef ɗin famfo a tiredin daidai inda noti zai tsaya, kana bin hanyar da noti ke juyawa in ana ɗaurewa, in ba haka ba ya tattare. Zoben roban kuma, ɓangarensa mai tsini ya kalli sama ya shige ramin besin. Namu a kife na same shi.

Ɗaure da hannu har ya tsaya, ka ƙara kwatan juyi da sifana, ka dakata. In notin na roba ne, ƙarfi yana tsaga shi, tangaran ma yana iya darewa, ka ga an tashi daga gyaran noti an koma sayen besin. Silikon yana son awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi. Mu buta muka koma a ranar.

In a mahaɗun kwalbar ne yake zuba, duba zoben cikin kowane noti: siririn gefensa ne ke shiga bakin mahaɗar. Duba kuma ko bututun da ya fito daga bango ya yi daidai da ita. In sai an tanƙwara da ƙarfi suke haɗuwa, za su ci gaba da yoyo ko ka ɗaure su da me. Sake yanka bututun da zarto a miƙe, ka kankare bakinsa, ko ka sayo mai lanƙwasa ɗin nan. Magudanar besin yawanci inci ɗaya da kwata ce, wato milimita 32, ta sinkin kicin ta fi ta faɗi, don haka tafi shago da tsohuwar a hannu.

Don Allah kada a lafta wa kwalbar gam ɗin bututu. An yi ta ne don a riƙa kwancewa ana fitar da gashi da dattin sabulu, ruwan da ke kwance a cikinta kuma shi ke tare warin sokawe da kyankyasai.

A sabon gini akwai kuma siminti. In ruwa yana tafiya a hankali, yana taruwa har ya fito ta mahaɗa, leƙa bututun bango da tocila. Na zaƙulo dunƙulen filasta kamar goro daga namu da waya, sannan na mayar da kwalbar, na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa ta kwana. Da asuba da na shiga alwala, a bushe na ɗauke ta.