Feshi da Zanen Kamar Hoto: Inda Masu Koyo Ke Tuntuɓe

Wani yaro da ke koyon aiki a shagona, nan wajen Ƙofar Ƙaura, ya kawo mini zanen mahaifinsa da ya yi da ƙaramar bindigar feshi. Fuska sumul kamar ɓararren ƙwai, ba tamoji, ba furfura, har tsagar gadon da ke kuncin dattijon ya shafe. Ya ce, "Maigida, ya fito?" Na ce kyau kam ya yi, amma ba Alhaji ba ne.

Babban kuskuren ke nan, haɗa aiki biyu da kowanne ke da tasa manufa. Zanen ado na feshi, irin na bayan tirela, jikin Keke Napep ko allon mai aski, so ake ya fizgi ido daga nesa. A nan ƙarin gishiri halas ne: zaki ya fi na daji geza, dokin hawan sallah ya sha launin da babu shi a Ƙofar Soro. Zanen kamar hoto kuwa, wanda ya bunƙasa a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, ba ya yafe komai. Gumi, ƙurji, zaren rawani, duk sai sun fito.

Wasu na ɗauka bambancin a kayan aiki yake, wai feshi na ado ne, burushi na gwanaye. Ba haka ba ne. Chuck Close, wani mai zane Ba'amurke, da feshi ya zana katafariyar fuskarsa ta baƙi da fari a 1968. Ya raba hoton da yake kwaikwaya gida-gida da layuka, ya bi kowane gida shi kaɗai. Wannan dabara ita ce maganin karkataccen ido da hancin da ya zarce. Ja layukan a hoton, ja irinsu a allo, ka daina zana abin da kake zato.

Sai inuwa. Yaranmu da sun ga duhu sai su ɗauko baƙin fenti, fata ta koma kamar an shafa toka. Dubi fuskar mutum da hantsi: akwai ja a kunci, shuɗi-shuɗi a goshi inda haske ya sauka. Haɗa ruwan ƙasa da ɗan shuɗi ko ja, ka ajiye baƙi don ƙwayar ido da ramin hanci. Kuma feshi kaɗai ba ya ba da kaifi. Gashin gira da bakin hula suna son siririn burushi, ko a kankare da reza.

Ita kanta bindigar tana da hali. Fenti ya zama kamar madara, ba kamar kunu ba, in ba haka ba ta dinga tofi. Fara sakin iska kafin fenti, ka tsayar da fenti kafin iska. Da hunturu fenti kan bushe a bakin allurar da ke cikin bindigar cikin 'yan mintuna, don haka ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa. Takunkumi ma ba ado ba ne.

Hoton da aka turo ta WhatsApp, ya bi waya uku ya dusashe, kar ka karɓe shi don aikin kamanni. Ka ce a kawo na asali, ko ka je da kanka, ko da Daura ce, ka ɗauki hoton mutumin a inuwar zaure.